Wane Faifan Jason Lives Ya Cancanci Kuɗinka?

A jerin fina-finan Friday the 13th, kashi na shida wato Jason Lives na 1986 shi ne inda Jason, makashin da ke cikin jerin, ya tashi daga ɗan'adam ya koma abin da harsashi ba ya kayarwa. Kashi na biyar ya ɓata wa masu kallo rai, don a ƙarshe an gano wani ma'aikacin motar asibiti ne ke kisan da sunan Jason. Sai kamfanin Paramount ya ɗauko Tom McLoughlin, ya rubuta labarin ya kuma ba da umarni. Ya fara daga maƙabarta: jarumin fim ɗin, Tommy Jarvis, ya tone kabarin Jason don ya ƙone gawar, haushi ya ɗebe shi ya fizgo ƙarfen shinge ya caka mata, aradu ta faɗo kan ƙarfen, gawa ta buɗe ido. Daga nan har inda aka ɗaure shi da sarƙa da dutse a ƙasan tafki, mafi yawan fim ɗin cikin dare ne da daji da hazo. Shi ya sa zaɓen faifai ke da muhimmanci. In hoton ya lalace, duhu kawai za ka yi ta kallo na kusan awa ɗaya da rabi.

Ni dai zaɓina a bayyane yake: babban kwalin Blu-ray da kamfanin Scream Factory ya fitar a Oktoban 2020. Faifai 16 ne, ɗauke da fina-finai 12, tun daga na 1980 har wanda aka sake yi a 2009. Abin da ya fi burge ni shi ne an ba kashi na shida faifansa shi kaɗai, ba a cusa shi da wani ba, don haka duhun dajin na fitowa da kyau, kana iya rarrabe bishiya da mutumin da ke tsaye a bayanta. Kana jin ruwan sama da tsawar farkon fim ɗin ras, haka waƙoƙin Alice Cooper. Ga sharhin McLoughlin da za ka kunna a kan fim ɗin, mutum ne mai barkwanci, kuma daga bakinsa za ka gane cewa raha da ke ciki da gangan aka zuba ta, har da wurin da tsohon mai gadin maƙabarta ke juyowa ya yi wa masu kallo magana. Akwai guntayen wuraren da hukumar tace fina-finan Amurka ta sa aka rage, da zanen ƙarshen da ba a ɗauka ba, inda mahaifin Jason ke bayyana. Kwalin na da tsada, ga kuɗin jigila ga na kwastan, amma sau ɗaya za ka saya ka huta.

Sauran ba sai an ja zance ba. DVD ɗin Paramount na 2001 kusan fim ne zalla, babu wani abin kirki a gefe. Kwalin 2004 ya matse fim biyu a faifai ɗaya. Na musamman da aka fitar a 2009 ba laifi ga wanda na'urarsa DVD kaɗai take ci. Gwangwanin Blu-ray na 2013 an daina buga shi, masu sayar da na hannu sai tsawwalawa. Tarin fim takwas na Paramount na 2021 shi ne mai sauƙin kuɗi, in aljihu ya ƙi.

Kafin ka tura ko sisi, duba batun yanki. An raba duniya gida uku a tsarin Blu-ray: Amurka tana A, mu nan Afirka muna B tare da Turai. Faya-fayan Scream Factory galibi a kulle suke kan A, saboda haka na'urar da aka shigo da ita daga Ingila ko Dubai za ta iya tofo maka faifan da saƙo ɗaya a allo. DVD ma haka, Najeriya da Nijar suna yanki na 5, Amurka na 1. Mafita ita ce na'ura mai cin kowane yanki. In kuma ta Amurka za ka sa a kawo maka, ka tuna wutarsu 120 ce, tamu 230, sai da taransifoma ko ka ji ƙauri.

Yanzu ga inda nake so a buɗe kunne, wato jabu. An taɓa sayar mini da wani kwalin fina-finan tsoro ta intanet, mai shagon na rantsuwa gangariya ne, a leda yake ba a taɓa ba. Ledar kuwa na nan. Da na juya faifan, bayansa launin shanshanbale ne, irin wanda ake ƙonawa a kwamfuta. Faifai na biyu ya tsaya cak ana tsakiyar gudu a daji, na uku ko buɗewa bai yi ba, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga. Tun daga nan ba na sayen komai sai an turo mini hoton bayan faifai. DVD na asali bayansa azurfa ne, kuma a zoben tsakiya akwai ƙananan lambobin masana'anta, galibi da haruffan IFPI. Blu-ray na jabu bayansa kan yi duhu fiye da na gaske. Duba rubutun kwali kuma: ƙananan haruffan ƙasa in sun yi dishi-dishi, ko ka ga an rubuta sunan ɗan wasa ba daidai ba, hoton bango aka ɗauka aka sake bugawa. Kwali mai faifai 16 da ake tallarsa sabo fil a kuɗin faifai biyu, wannan ba sai an faɗa maka ba.

Wata yaudarar ita ce a ce maka ga kashi na shida "wanda ba a yanke ba". Kamfani bai fitar da irin wannan ba. Guntayen da aka cire suna zuwa ne daban a gefe, hotonsu ma bai kai na fim ɗin kyau ba, don haka duk mai yi maka wannan tallar ko dai ɗinki ya yi ko ƙarya yake. Su kuwa faya-fayan kasuwa masu fim goma sha a guda ɗaya, da abin da 'yan tura fim ke zuba maka a memori, an matse su har daren ya koma dabbare-dabbare, fuskar Jason na narkewa duk lokacin da ya motsa.

Ko a na gaskiyar akwai abin lura. Bugun farko na kwalin 2020 ya zo da kurakurai a kashi na uku, da Jason Goes to Hell, da Jason X, kamfanin kuma ya aika wa masu saye faya-fayan canji. Kashi na shida ba ya cikin masu matsalar, amma in na hannu za ka saya, tambayi mai shi ko gyararrun ne a ciki, ya kuma turo hotonsu. In ya fara kame-kame, nemi ragi ko ka bar masa kayansa.