Git ko Local History: wanne zai dawo maka da fayil a VS Code?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi yadda za ka dawo da fayil ɗin da aka goge a VS Code, manhajar rubuta code: ta Git, mai adana tarihin sauye-sauyen aiki, ko ta Local History, ajiyar da VS Code ke yi da kansa. Tunda aikin naka yana kan Git, kuma fayil ɗin ya jima da gogewa, Git za ka bi, kada ka tsaya wahala da ɗayan.

Fara leƙa Source Control a gefen hagu. In gogewar ba ta shiga commit ba tukuna (wato ba a adana ta a tarihin Git ba), za ka ga sunan fayil ɗin da harafin D kusa da shi, ka danna Discard Changes ya dawo. In kuwa ta riga ta shiga, buɗe terminal ɗin cikin VS Code, wurin rubuta umarni, ka rubuta git log --diff-filter=D --summary, zai jero maka duk commit ɗin da aka goge wani fayil a ciki. Ɗauki lambar wanda ya shafe ka, sai ka rubuta git restore --source=lambar~1, ka sa ita lambar a gurbin kalmar "lambar", ka bi shi da hanyar fayil ɗin, wato folda da sunansa. Kada ka manta da ~1 ɗin nan, domin a commit ɗin gogewar fayil ɗin ba ya nan, sai ka koma ɗaya baya. Git 2.23 na shekarar 2019 ne ya zo da restore. In naka ya girme shi, git checkout lambar~1 -- hanyar fayil yana yin aikin.

Ƙanina da ke Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ya taɓa zuwa mini shago hankali tashe. Wani ɗan rukuninsu ya goge fayil ɗin da ke haɗa manhajarsu da rumbun bayanai, ya tura GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan Git a intanet, ga ranar gabatar da aiki ta ƙarato. Layukan nan biyu muka rubuta, kafin a kira magariba fayil ɗin ya dawo, ko waƙafi bai ɓace ba. Wallahi ranar na ƙara ganin girman Git.

Local History kuwa ba laifi, yana nan tun sigar 1.66 ta Maris 2022, ta Ctrl+Shift+P sannan Local History: Find Entry to Restore. Sai dai a kwamfutarka kaɗai yake zaune, ajiya 50 yake riƙewa ga kowane fayil, kuma ba ya ɗaukar wanda ya wuce 256 KB sai ka sauya saitinsa. Ranar da aka yi mata format, ya tafi ke nan. Na wanda bai taɓa commit ba ne.

Sannan don Allah ka kiyayi masu sayar da manhajar "dawo da komai" a filas a nan cikin Bauchi. Yawanci ta sata ce, wata ma da bairos a ciki, ga kuɗi su tafi a banza, alhali Git kyauta ne. Kada ka miƙa wa kowa kwamfutarka saboda wannan. Ka duba Recycle Bin ma tukuna, don abin da aka goge daga Explorer na VS Code can yake faɗawa.