Wuni Guda a Wani Tsohon Gida Mai Lambu a Bayan Ganuwar Zazzau

A hutun ƙarshen shekarar da ta gabata, lokacin da hunturu ya kankama, na ɗauki uwargida da yaranmu uku muka je wani tsohon gida mai lambu da gona da ke bayan ganuwar Zazzau, ta ɓangaren da ake hangen dutsen Kufena. Magadan gidan sun daɗe da komawa cikin gari, sai suka buɗe shi ga baƙi a ranakun Asabar da Lahadi. Kuɗin shigar bai taka kara ya karya ba, kuma rabi ake karɓa a kan yara. Hanyar ce dai ba ta da daɗi, domin da zarar an sauka daga kwalta sai ƙura da ramuka har bakin zaure.

Wanda ya tarbe mu wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, wanda ya shaida mana cewa tun yana saurayi yake aiki a gidan. Bai yi gaggawar kai mu lambu ba, sai da ya tsayar da mu a tsakiyar zaure ya ce mu ɗaga kai. Rufin tulluwa ce da ke zaune a kan bakan gizo, wato ginin da ke lanƙwasa kamar baka yana riƙe rufi, babu ƙarfe babu siminti, sai azara da ƙasa. Ya riƙa nuna wa yara da sandarsa yadda ake jera azarar giginya gaɓa-gaɓa, ana ɗaurewa ana liƙewa da ƙasa har ɓangarorin biyu su haɗu a sama, ya kuma ce giginya ake zaɓa saboda gara ba ta cika damunta ba. Duk wanda ya san tsohon Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, tsakanin 1834 zuwa 1846, zai gane cewa magina gidan nan daga wannan makaranta suka sha, ko da yake aikinsu bai kai nasa girma ba. Autarmu, wadda ba ta taɓa kwana a ɗakin ƙasa ba, ta dafa bangon da tafin hannunta ta ce, "Baba, ina kuka ɓoye na'urar sanyaya ɗakin?" Ya yi dariya ya ce, "'Yar nan, kaurin bangon ne. Da rana ya hana zafi shiga, da dare ya hana sanyi."

A bayan gidan ya nuna mana wata bishiyar ɗorawa, ya ce daga ɓawon 'ya'yanta ake samun makubar da ake shafe bango da ita don kada ruwan sama ya ci shi. Nan ne raina ya ɗan ɓaci, domin a gefen gabas na tarar an yaɓe katangar da siminti, an kuma sa kwano a kan ɗakuna biyu bayan an rushe zankayensu. Siminti ba ya zama lafiya da ginin ƙasa: yana kulle danshi a ciki, daga baya ya ɓamɓaro ya tafi da naman bangon, kuma ga alamar hakan nan ta fara fitowa a ƙasan indararo. Na tambayi Baba, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, magina sun yi ƙaranci, yaɓe kuma duk shekara yake so."

Lambun yana gangaren fadama, kuma shi ne inda muka fi daɗewa. An yanka shi fangali-fangali, ga albasa, ga latas, ga karas da tumatir, sannan layin gwaiba da mangwaro ya kewaye shi, zogale kuma ya zama shinge. Da injin ban ruwa ake aiki yanzu, amma an bar tsohon jigo a bakin rijiya, kuma Baba ya yarda babban ɗana ya gwada. Yaron ya ja igiyar da ƙarfinsa duka, bai san cewa nauyin da ke ɗaya gefen sandar ne ke ɗago gugar ba, sai ruwan ya kife masa a ƙafa, ya koma gefe yana rawar sanyi, ƙannensa suna ta ƙyalƙyala dariya. A karo na uku ya iya, ya zuba ruwan a magudana, ya tsaya yana kallon yadda yake bi har ya shiga fangalin albasa. An sara mana rake a nan take, kuma uwargida ta ce ta daɗe ba ta sha mai zaƙinsa ba.

Gonar kuwa, kasancewar rani ne, babu abin gani a cikinta sai buntun dawa da rumbuna uku. Garken ne ya fi jan hankalin yara: fararen shanu bunaji, tumaki 'yankasa, da kajin Shika Brown, irin da cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta samar, wadda ta faro a matsayin gonar kiwo tun 1928. Irin masarar da suke shukawa ma daga Samaru suke sayo shi, inda aka fara binciken aikin gona a 1922.

Ta fuskar kula da baƙi akwai sauran aiki. Banɗaki ɗaya ne ga maza da mata, kuma babu ruwa a cikinsa sai da muka roƙa. Ba a sayar da abinci, ba a kuma faɗa mana hakan a ƙofa ba, don haka da rake da gwaiba muka wuni. An dai ware wuri mai tsafta don salla a ƙarƙashin wani rimi, da tabarmi da butoci. Abin da ya fi damuna shi ne, saurayin da ke karɓar kuɗi bai iya amsa ko tambaya ɗaya game da gidan ba, babu kuma wani allo ko takarda mai bayani, ta yadda duk ranar da Baba bai fito ba, baƙo zai zagaya ne kawai ya ga tsohon bango da albasa.

Wanda zai je da iyali gara ya je da hantsi, tsakanin Disamba da Fabrairu lokacin da lambun ke kore, ya riƙe abincinsa da ruwansa, ya kuma tambaya tun daga zaure ko Baba yana nan. Da za mu tafi mun sayi kwandon tumatir da damin latas a kan farashin da ya gaza na kasuwar Sabon Gari, Baba kuma ya ƙara wa autarmu ƙwai biyu kyauta, waɗanda ta riƙe a hannu har gida, ɗaya ya fashe daidai Kwangila.