Na biya kuɗin wata saboda jerin "waƙoƙi ɗari da suka fi kyau a tarihi", ga abin da na tarar

Tauraro biyu na ba masu manhajar kiɗan, kuma biyun ma albarkacin tsabtar sauti ne.

Manhajar kiɗan nan da ake cire wa mutum kuɗinta duk wata ce ta yi ta damuna da tallan wani jeri, wai waƙoƙin alternative rock (wani reshe na kiɗan jitar Turawa) guda ɗari da babu kamarsu tun da aka fara kiɗan. Ni tun zamanin faifan CD nake jin irin wannan kiɗa, ba don kaina na so jerin ba. Ƙanina ne ya fara koyon jita, na ce bari in sabunta rajista, in sayi data, in sauke masa a waya don ya san tushen abin da yake kwaikwayo.

Ba a jima ba ya same ni da maganar da ta sa nake wannan rubutu. Ya ce, "Yaya, ashe Radiohead ɗin nan da kake ta zuzutawa waƙa ɗaya gare su?"

Na karɓi wayar na duba. Wallahi haka ne. "Creep" kawai aka sa musu, shi ke nan. Waƙar da suka fara fitarwa a 1992 suna samari, wadda su da kansu suka gaji da ita har suka yi shekaru ba sa son rera ta a dandali. Babu ko waƙa ɗaya daga kundinsu OK Computer na 1997. Babu "Paranoid Android", mai tsawon fiye da minti shida, wadda take sauya salo a tsakiya kamar an haɗa waƙoƙi daban-daban an ɗinke, kuma ba ta da amshin da za ka riƙe. Babu komai daga Kid A na 2000, inda suka kusan ajiye jitar gaba ɗaya suka koma na'urori. Yaro ya saurari jerin da zuciya ɗaya, ya fito da fahimtar cewa waɗannan mutanen sun yi sa'a sau ɗaya ne suka ɓace. Kuɗina na biya aka koya masa wannan.

Da na bi jerin daga sama zuwa ƙasa sai na gane dabarar. Kowace ƙungiya waƙa ɗaya, kuma wadda aka fi danna wa ita ake ɗauka. Wato ba kunne aka sa aka zaɓa ba, ƙidaya aka yi. To in ƙidaya ce a kira shi jerin waɗanda aka fi saurara mana, ba wanda zai yi musu.

Ta ɗaya "Smells Like Teen Spirit" ce ta Nirvana, kamar yadda kowa zai zata. Ba ni da ja a nan. Kundinsu Nevermind, wanda waƙar take ciki, ya fito a Satumban 1991, zuwa Janairun 1992 ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard, mujallar da ke jera kiɗan da ya fi kasuwa a Amurka, abin da ba wanda ya yi tsammani daga ƙungiyar samari uku da aka kafa a jihar Washington. Amma Kurt Cobain, mawaƙin Nirvana, da bakinsa ya faɗa a hira cewa ƙungiyar Pixies yake ƙoƙarin kwaikwaya lokacin da ya rubuta waƙar, wannan salon na a yi ƙasa-ƙasa da murya sannan a fashe da ƙara. Ina Pixies ɗin a jerin? Can ƙasa, sai da yatsana ya gaji da ja kafin na gan su. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Su ma ɗin "Where Is My Mind?" aka sa musu, wadda mafi yawan mutane suka sani ne saboda da ita aka rufe fim ɗin Fight Club a 1999, shekara goma sha ɗaya bayan fitowarta. Kundinsu Doolittle na 1989 kuwa kamar ba a taɓa yin sa ba.

Haka aka yi wa kusan duk mutanen shekarun 1980. Hüsker Dü da The Replacements na Minnesota ban gan su ba sam. Dalilin a fili yake: a lokacinsu gidajen rediyon jami'o'in Amurka ne suke sa su, kuma Billboard bai buɗe jadawalin wannan kiɗan ba sai 1988. Wanda ya yi aikinsa kafin a fara rubuta lamba, mai ƙidaya ba ya ganinsa.

Gaskiya dai ba duka ne takaici ba. Sautin yana fita tas, ko a ƙaramar lasifika. Na ji "Losing My Religion" ta R.E.M. har ina bambance kowace tsirkiyar mandolin ɗin. "Zombie" ta The Cranberries ma tana nan, kuma har an rubuta ɗan bayani a ƙasanta cewa mawaƙiyarsu Dolores O'Riordan ta yi ta ne bayan bam ɗin garin Warrington na Ingila na 1993 da ya kashe yara biyu. Wannan ya burge ni. A wurin har na ce a raina, ga wanda bai san komai ba wannan ƙofa ce, bari in ƙara musu tauraro ɗaya.

Sai kuma suka ɓata rawarsu da tsalle. Wata safiya muka buɗe, jerin ya sauya ba sanarwa. An cire wasu waƙoƙin da muka riga muka ƙona data muka sauke, wasu sun dusashe an rubuta wai ba a samun su a ƙasarmu, an kuma cuso wata tsohuwar waƙa sama don kawai ta sake tashe a gajerun bidiyoyin waya. Jerin da aka ce na tarihi ne gaba ɗaya, amma yana canzawa da abin da ake yayi a makon. Datar da ta tafi kuwa ta tafi.

Tun da raina ya riga ya ɓaci sai na fara lura da sauran abubuwan da na kau da kai a kansu da farko. Mata 'yan ƙalilan ne. PJ Harvey, wadda ta ci kyautar kiɗa ta Mercury ta Birtaniya sau biyu, a 2001 da 2011, ba ta samu gurbi ba. Sannan duk ɗarin da Turanci aka rera su, daga Amurka, Ingila da maƙwabtansu. Soda Stereo na Ajantina, da suka yi wasan bankwanansu a filin ƙwallon River Plate a 1997, ba su cancanci layi ɗaya ba? Nan kusa da mu ma, Mdou Moctar na Nijar, wanda ya naɗi kundinsa na farko a Sakkwato a 2008, waƙoƙinsa suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta Bluetooth, a 2021 kamfanin Matador ne ya fitar masa da Afrique Victime, kamfanin da ya fitar da Pavement da Interpol. Su Interpol suna cikin jerin, shi babu. In an ce nasa wani nau'in kiɗa ne daban, a gaya mini abin da ya haɗa Oasis da Nine Inch Nails da har suka zauna a jeri guda.

Na rubuta musu ƙorafi kan waƙoƙin da suka ɓace. Amsar da ta zo irin wadda na'ura ke aikawa ce, ana gode mini da kasancewa tare da su, ana kuma tallata mini wani sabon jerin na waƙoƙi ɗari biyu. Na shiga saiti na kashe cire kuɗi na kai tsaye. Kwanakin da suka rage a rajistar kundi-kundi za mu saurara daga farko zuwa ƙarshe, kuma da Doolittle za mu fara.