Yatsa mai maƙalewa: yadda ake sakinsa a Ingila, da yadda muke wahalar da shi a gida

Abin da har yau yake ba ni mamaki a sashen kula da hannu na asibitocin Ingila shi ne aikin sakin yatsa. Mutum zai shigo da ƙafarsa, a ɗora hannunsa a tebur, a yi masa allurar kashe zafi a tafin hannu kaɗai, idonsa biyu suna hira da nas. Kafin minti ashirin likita ya ce masa, dunƙule, buɗe. Yatsan da ya shekara yana gardama sai ga shi ya miƙe sumul. Babu gado, babu ƙarin ruwa, babu kwana. Ya hau bas ya koma gida.

Ciwon kun san shi. Mutum ya tashi da asuba yatsa a lanƙwashe, ya yi ya yi ya ƙi miƙewa, sai ya sa ɗaya hannun ya ja, ya ji ƙas. A katin asibiti trigger finger ake rubutawa. Jijiyoyin da ke lanƙwasa yatsa daga damtse suke tahowa, su ratsa ta cikin wasu zobba da ke riƙe su jikin ƙashi. Zobe na farko, wanda likitoci ke kira A1, yana gindin yatsa ta cikin tafin hannu. Idan ya yi kauri, ko jijiyar ta kumbura ta yi ƙulli, sai abin ya zama kamar mazagin wando mai ƙulli a tsakiya: da ƙyar ya shige, dawowa kuma sai an fizga. Shi ya sa mai ciwon ke nuna gaɓar tsakiyar yatsa, alhali matsalar tana can ƙasa. Danna gindin yatsan, za ka ji wani ɗan ƙullutu mai zafi yana motsi.

Ya fi kama babban yatsa da wanda ke bin ƙarami, ya fi kama mata, musamman daga shekara 40 zuwa 60. Masu ciwon suga kuwa sun fi kowa, wani lokaci yatsu biyu ko uku. Aikin damƙa yana tsananta shi: almakashin tela, ƙotar fartanya, taɓarya, matse wanki.

Amma a Ingila kafin ka kai teburin nan sai ka ci kwakwa. Babu zuwa wurin likitan hannu kai tsaye, sai likitan unguwa ya tura ka, shi kuma ganinsa sai ka riƙe waya tun ƙarfe takwas na safe kana jin kiɗa. Tun 2019 hukumar lafiya ta NHS ta sa wannan aiki cikin waɗanda ba a yi sai an gwada ƙananan hanyoyi, sai fa idan yatsan ya kulle gaba ɗaya ko da wani dalili mai ƙarfi. A ƙa'ida mako 18 ne iyakar jira daga turawa zuwa fara magani, a zahiri kuwa mutane da yawa suna zarce haka. Kyautar magani ma da ake ta faɗa a gida, yawancin baƙi masu bizar zama suna biyan fam 1,035 na lafiya duk shekara, ban da haraji. A Kano da kuɗinka a hannu za ka iya ganin likitan ƙashi a makon nan.

Su kansu ƙananan hanyoyin ba na rainawa ba ne. Ta farko takalmin yatsa. Ana tausasa wata roba a ruwan zafi, a gina ta daidai hannun mutum, ta hana gaɓar gindin yatsa lanƙwasawa, sauran gaɓoɓin biyu a bar su suna motsi. Ana sa shi da dare kamar mako shida, wani har goma sha biyu. Inda ake kuskure shi ne a ɗaure yatsan duka dare da rana: maƙalewar ta tafi, sandarewa ta zo.

Ta biyu allura, kuma nan ne takaicina yake. Maganin da ake amfani da shi, mai rage kumburi irin su Depo-Medrone, irinsa yana nan a shagunan magani na gida. Wurin da ake sa shi ne ya bambanta. A nan ɗan kaɗan ake ja, bai wuce mililita ɗaya ba har da maganin kashe zafin da ake gauraya shi, da siririyar allura, a zuba shi a kuben jijiyar daidai bakin zoben. Idan likita ya ji maganin yana ƙin shiga, ya san yana cikin jijiyar kanta, sai ya ɗan janye. A gida kuwa mai kemis zai zuƙe kwalba guda ya danna wa mutum a ɗuwawu, bayan wata ya ƙara. Jiki duka ya sha magani, fuska ta kumbura, suga ya hau, yatsa yana nan yadda yake.

Idan an yi ta daidai, fiye da rabin mutane allura ɗaya take sallamarsu, ko da yake masu suga ba su cika samun haka ba. Wurin zai yi zafi kwana ɗaya ko biyu, sauƙin kuma yakan ɗauki kwanaki, wani har makonni. Mai suga ya riƙa awo sosai a makon farko, don zai hau. Mu masu baƙar fata akwai abin da ba kowane likita a nan yake tunawa ya faɗa mana ba: fatar wurin tana iya yin fari, ta ɗauki watanni kafin ta dawo. Kuma ba a cika wuce allura biyu a yatsa ɗaya ba, domin yawanta yana raunana jijiya.

To, sai batun ɗori. Jama'a, wannan ba targaɗe ba ne, ba gocewar ƙashi ba ce. Mai ɗori ya kama yatsa ya ja har ya yi ƙara, kowa ya ce ya koma. Ƙullin ne aka fizgo ta cikin zobe da ƙarfi, gobe kumburin ya fi na yau. Man zafi ba ya kai wa can. Sakiya ko tsaga a tafin hannun mai ciwon suga kuwa neman gyambo ne kawai.

Aikin kansa ɗan yanka ne, santimita ɗaya zuwa biyu a gindin yatsa. A kauda nama a hankali, a ga zoben, a tsaga shi a tsaye. Jijiyar ta samu hanya, shi ke nan. Wuri biyu ake taka-tsantsan. Jijiyoyin ji suna bin gefen yatsa, a babban yatsa ma ɗaya tana giftawa kusa da wurin yankan, idan aka taɓa ta gefen yatsan ya mutu da ji. Sannan zobe na biyu ba a taɓa shi, in aka yanke shi, jijiyar lanƙwasa yatsa za ta ɗago daga ƙashi, damƙa ta lalace. Ɗinki biyu ko uku, a cire bayan kwana 10 zuwa 14. Ana fara motsa yatsan tun ranar, a riƙa ɗaga hannu sama, kada ruwa ya taɓa, aikin ƙarfi kuma sai bayan makonni. Tabon yakan yi tsami na wani lokaci, murza shi da mai yana taimakawa. Idan wurin ya yi ja, ko aka ji zafi mai bugawa, ko aka ga mugunya, a koma asibiti a ranar.

Sai dai ka ga tsohuwa ta fito da hannu a naɗe, babu mai riƙe mata jaka, ta je ta tarar da gida shiru. A wajenmu da an cika mata ɗaki da sannu, ga kunu, ga mai yi mata wanki har ta warke. Ita nan takarda ake miƙa mata da lambar waya.

Babu wata na'ura a aikin nan da ta fi ƙarfin Asibitin Ƙashi na Dala ko asibitocin koyarwa na Kano da Zariya. Ko hoto ba a buƙata, da hannu ake gane ciwon. Wanda yatsansa ya fara maƙalewa ya nemi likitan ƙashi, ya kuma auna suga ko bai taɓa jin yana da shi ba. Idan ƙaramin yaro ne aka ga kan babban yatsansa a lanƙwashe ya ƙi miƙewa, nasa daban ne: ba a yi masa allura, wasu suna saki da kansu, wanda bai saki ba a yi masa aiki.