Rigar sanyin kare a Ingila: zaren da awon

Yaya, kin ce in duba miki yadda kayan saƙa suke a nan. Abin da zai ba ki dariya shi ne ana saƙa wa kare rigar sanyi. Ƙananan karnuka irin Chihuahua, masu nauyin kilo 2 zuwa 3, da yawansu gashinsu gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu har karkarwa suke yi idan an fita da su. Mu a Kano kare na gadi ne ko farauta, amma aikin saƙar ya isa a tsaya a kalla.

Zaren roba da ake sayarwa a shaguna irin Hobbycraft bai fi na kasuwar Sabon Gari da wani abin kirki ba. Bambancin yana jikin takardar da aka naɗe dunƙulen da ita. An rubuta nauyi, giram 100, da tsawo, kusan mita 300 ga matsakaicin kaurin da suke kira DK, da tsinken da ya dace, milimita 4, har da lambar tukunyar rinin. Wannan lambar ce na fi so. Dunƙule biyu ja ne a ido, amma in lambar ta bambanta sai layi ya fito a tsakiyar riga. A gida da ido ake gwadawa a bakin shago, a yi ciniki. Nan ba ciniki, sai dai shaguna da yawa suna karɓar dunƙulen da ba a taɓa ba in akwai rasit.

Awo uku ake ɗauka: wuya, ƙirji daga bayan ƙafafun gaba, da tsawon gadon baya zuwa gindin wutsiya. Kafin a fara sai a saƙa ɗan gwaji. Da wannan zaren ido 22, wato madaukan zare a kan tsinke, ke ba da santimita 10. Kare mai wuya santimita 24 da ƙirji 36, za a ɗora ido 52, a yi saƙa mai roba ta santimita 5 da tsinke mai milimita 3.25, sannan a koma na 4 ana ƙari a hankali har ido 80. Wajen ƙafa a rufe ido 8, a saƙa 12 na tsakanin ƙirji, a sake rufe 8, a layi na gaba a maido su. Dunƙule ɗaya ya isa har da saura.

Inda aka fi ɓata aiki shi ne ciki. In kare namiji ne dole ɓangaren ciki ya tsaya a ƙarshen haƙarƙari, in ba haka ba fitsari zai jiƙa rigar kullum. Wuya in ya matse ba zai wuce kai ba. Maɓalli kuwa tauna shi zai yi ya haɗiye, shi ya sa ba a sawa. Ulun tumaki zalla yana tsukewa ya dunƙule a ruwan zafi, zaren auduga kuma yana saki bai komawa.

Ladan hannu ne ke da tsada a nan, don haka yawanci ta kamfani ake saya, ƙarama ko matsakaiciya ko babba, ko ta zauna ko kada ta zauna. Mai auna jiki ta saƙa daidai, kamar yadda kike yi wa jarirai da hunturu, sai an nema.