Kwana Biyu da Jagoran Fatsa a Kogin Madison na Jihar Montana

A farkon watan Agusta ni da yayana muka loda kaya a mota muka bar birnin Baltimore muka nufi jihar Montana, tafiyar da ta haura mil 2,000, domin mu gwada irin fatsar da mutanen yammacin Amurka suke yi wa kifin tirawut da ƙwaron bogi. A Yauri muka tashi, kuma ko da yake gidanmu ba na Sarkawa ba ne, babu yaron da zai girma a bakin Kwara bai san kayan kamun kifi irin su birgi da mamari da gura ba, saboda haka mun tafi da tunanin cewa kifi dai kifi ne ko a wane ruwa yake. Abin da nake so in yi bayani a kansa shi ne hidimar da wani shagon kayan fatsa da ke garin Ennis ya yi mana, inda muka yi hayar jagora da kwale-kwale na kwana biyu a kan dala 700 kowace rana, kuɗin da sai da na maimaita wa yayana shi sau biyu a waya kafin ya yarda cewa ba kuskure ya ji ba.

Hanyar ta ci mana kwana huɗu. Bayan mun wuce Chicago mun kama babbar hanya mai lamba 90, muka tsallake kogin Mississippi a La Crosse, muka tsallake Missouri a Chamberlain ta Dakota ta Kudu, inda faɗinsa ya tuna mana da ruwan gida, sannan muka ratsa kusurwar Wyoming muka shiga Montana ta Billings da Bozeman. Madison da muka zo nema yana ɗaya daga cikin koguna uku da suke haɗuwa a Three Forks su zama wannan Missouri ɗin, amma wanda ya ga ruwan Chamberlain mai faɗi da nutsuwa ba zai taɓa zaton cewa daga wannan ruwa mai gudu a kan duwatsu, wanda a wurare da yawa bai wuce gwiwa ba, ya samo asali.

Tun wata uku kafin tafiyar na yi rajista da shagon ta intanet, na biya rabin kuɗin, na kuma rubuta musu abu biyu a fili: ba ma cin naman alade, kuma za mu buƙaci a tsaya mana mu yi sallar azahar. Lasisin kamun kifi na baƙi ba ya cikin kuɗin, mu muka saye shi da kanmu a shafin hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, kuma shagon ya sanar da mu hakan tun da wuri, abin da na yaba musu a kai.

Jagoran ranar farko dattijo ne mai furfura a gemu, marar yawan magana. Bai bari mun taɓa ruwa ba sai da ya tsayar da mu kusan rabin sa'a a kan ciyawa kusa da gadar Lyons, wurin da doka ta yarda a fara fatsa daga cikin kwale-kwale, yana koya mana wurga zare. A fatsar da muka saba, nauyin dalma ko na tanar da ke jikin ƙugiya shi ne yake jan zare idan an wurga. A nan kuwa ƙwaron ba shi da wani nauyi, domin ba komai ba ne illa gashin tsuntsu da gashin barewa da ɗan guntun soso da aka ɗaure a jikin ƙugiya, saboda haka zaren aka yi wa nauyi, kuma shi ake kaɗawa gaba da baya da sanda mai tsawon ƙafa 9 har ya miƙe ya ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali. Ƙarfi ba ya aiki a nan ko kaɗan. Yayana, wanda ya fi ni ƙarfin damtse, shi ya fi shan wahala, don duk lokacin da ya sa ƙarfi sai zaren ya cukuikuye a bayansa, dattijon kuma ya zo ya warware ba tare da ya nuna gajiya ba.

Darasin da ya fi wannan muhimmanci sai da muka hau ruwa ya bayyana. Ruwan kogi ba gudu ɗaya yake yi ba, wani layin ya fi wani sauri, don haka idan zare ya kwanta a gicciye sai layi mai sauri ya ja cikinsa, ƙwaron ya riƙa tsaga ruwa kamar abin da ake ja, tirawut kuwa ba ya kusantar ƙwaron da tafiyarsa ta saɓa wa tafiyar ruwa. Maganin shi ne a ɗaga sanda a juya cikin zaren zuwa wajen da ruwa yake gangarowa ba tare da an motsa ƙwaron ba, kuma a yini ɗaya na tabbata dattijon ya umarce ni da yin haka fiye da sau ɗari. Yana zaune a tsakiyar kwale-kwalen yana tuƙi da baya domin rage mana gudu, idonsa a kan ruwa, yana nuna mana inda za mu ajiye ƙwaro tun kafin mu iso wurin: bayan wancan dutsen, gefen da ruwa mai sauri ya haɗu da mai sanyin gudu, ƙarƙashin gaɓar da ciyawa ta rufe. Da farko duk ruwan iri ɗaya yake a idona, amma kafin la'asar na fara nuna wurin da kaina kafin ya buɗe baki, kuma a ganina wannan ne ainihin abin da kuɗinmu ya saya, ba yawan kifin da ya shigo raga ba.

Ƙwaron da ya ɗaura mana ya ba mu dariya, domin fara ce sak, irin wadda mata suke soyawa da yaji a bakin kasuwa. A watan Agusta iskar kwarin tana kaɗo fara daga gonakin ciyawa zuwa cikin ruwa, kifin kuma yana jiranta a bakin gaɓa. A ƙarƙashin farar ya ɗaura wani ƙaramin ƙwaro mai nutsewa, ta yadda idan kifi ya ƙi na sama zai iya ɗaukar na ƙasa, farar kuma ta nutse ta ba da sanarwa. Yayana ne ya fara kamawa, tirawut mai ruwan ƙasa da jajayen ɗigo a jikinsa, tsawonsa ya kusa kamu ɗaya. Dattijon ya ɗebo shi da raga, ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar kifin yana cikin ruwa, ya riƙe shi yana fuskantar gudun ruwa har ya farfaɗo ya sulale. Yayana ya dube ni ya ce, “Kai, yanzu wannan bawan Allah sakinsa ya yi?” Na ce, “Yaya, ai tun a gida na gaya maka haka dokar wannan sashen take.” Ya ce ya ji, amma bai ɗauka da gaske ake yi ba.

Lokacin cin abinci dattijon ya bayyana mana abin da ya sa mutanen wurin suke tsananta wa kansu haka. Babu kifin kiwo a cikin kogin. Tun 1974 Montana ta daina zuba tirawut na kiwo a kogunanta, bayan binciken da wani masanin kifi na jihar mai suna Dick Vincent ya yi a wannan kogi na Madison ya nuna cewa zuba na kiwo rage waɗanda suke hayayyafa da kansu yake yi. Duk kifin da aka kama, a cikin kogin aka ƙyanƙyashe shi, kuma idan aka cinye shi babu motar da za ta kawo wani. Sun kuma taɓa ɗanɗana rashi, domin a 1994 an gano wata cuta da take sa ƙananan kifi su riƙa juyawa kamar masu hajijiya, wadda ta kusa ƙarar da nau'in tirawut ɗin da ake kira mai bakan gizo a kogin kafin ya sake farfaɗowa. Abincin da ya kawo mana naman talotalo ne da burodi da ’ya’yan itace, ya kuma nuna mana takardar da shagon ya rubuta masa sharaɗinmu. Da azahar ta yi shi da kansa ya nemi tsibirin tsakuwa ya tsayar da kwale-kwalen, ya koma gefe yana gyara zare har muka idar. Mun fita daga ruwa a gadar McAtee da kifi tara tsakaninmu, har da farin kifin dutse guda uku, wanda ɗan asalin kogin ne.

Rana ta biyu ce ta ɓata mini rai, kuma laifin na ofishin shagon ne. Da muka iso da safe sai aka ce an ba dattijon wasu baƙi, aka haɗa mu da wani matashi, aka kuma ce sashen ƙasa na kogin za mu bi, wanda yake bayan madatsar Ennis. Abin da ba a gaya mana ba shi ne cewa a wannan sashe an hana fatsa daga ƙarfe 2 na rana zuwa tsakar dare a tsakiyar lokacin zafi. Dokar tana da dalili mai ƙarfi, domin tirawut kifin ruwan sanyi ne, idan ruwa ya ɗumama iskar da yake shaƙa takan ragu, wanda aka kama aka saki kuma yakan mutu daga baya, kuma a sauran kogunan jihar ma akan sa irin wannan hani idan zafin ruwa ya kai digiri 73 a ma'aunin Farenhait kwana uku a jere. Ba ni da ja da dokar. Abin da nake ja da shi shi ne a karɓi kuɗin cikakken yini a hannun mutum, a sa masa ƙarfe 9 a matsayin lokacin tashi, alhali an san cewa ƙarfe 2 za a naɗe zare, kuma da an fito da asuba da an sami sa'o'in da kifi ya fi ci. Kafin sha biyun rana ruwan ya cika da matasan Bozeman da suke gangarowa a kan tayoyin roba suna kiɗa, kifin kuma ya yi ƙasa ya lafe.

Matashin ya yi iya ƙoƙarinsa, kuma ya iya tuƙi, sai dai yana ɗaura ƙwaro yana wurga mana da kansa maimakon ya koya mana. Da aka buɗe akwatin abinci kuma sai ga naman alade a cikin burodin, domin takardar sharaɗinmu ba ta iso hannunsa ba. Ya ji kunya ƙwarai, ya ba mu tufa da gyaɗar da ya zo da su don kansa. Da yamma na koma shagon na yi wa mai kula da shi bayani cikin natsuwa, ya ba da haƙuri ya mayar mana da dala 150, wanda a ganina bai kai abin da muka rasa ba, amma bai yi gardama ba kuma bai ɗora wa matashin laifi ba. Akwai kuma batun tukuicin jagora, wanda al'adar wurin ta sa ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin yini, kuma babu inda aka ambace shi a takardar rajista, saboda haka baƙon da bai sani ba zai iya barin mutumin da ya yini yana tuƙa shi da hannu wofi ba da niyya ba.

Da zan sake yi, yini ɗaya kawai zan saya, in sa shi a ranar farko ta tafiya, in nemi a rubuta mini sunan jagoran da sashen kogin da lokacin tashi kafin in biya ko sisi. Dalilina shi ne abin da ya biyo baya. Dokar Montana ta 1985 ta ba kowa damar shiga kogi ya yi tafiya a cikinsa har zuwa iyakar da ruwa yake kaiwa idan ya cika, ko da gonar wani ce a gefe, muddin ta halastacciyar hanya ya shiga, saboda haka kwana uku muka yi muna shiga ruwa da ƙafa a wajen wata gadar kogin da ake kira Gadar Dala Uku ba tare da jagora ba, muna neman bayan dutse da mahaɗar ruwa biyu kamar yadda dattijon ya nuna mana, kuma babu ranar da muka tashi a banza.

Daga nan muka bi gefen tafkin da girgizar ƙasa ta 1959 ta haifar, lokacin da gefen dutse ya zube ya toshe kogin, girgizar da ta hallaka mutum 28, har yanzu busassun itatuwa suna tsaye a cikin ruwan, muka shiga gandun dajin Yellowstone. A nan ma shawarar shagon ta yi mana rana, domin su suka gaya mana cewa lasisin jiha ba ya aiki a gandun sai an sayi nasa, ba a amfani da dalma, dole a danne ƙayar ƙugiya, kuma tun 2018 an hana takalmin ruwa mai tafin ulu, shi ya sa mai tafin roba suka sayar mana, tare da gwangwanin feshin barkono na korar dabbar beyar. A kwarin Lamar, garken ɓauna yana kiwo a hayin ruwa, yayana ya ajiye fararsa a ƙarƙashin wata gaɓa, ya juya cikin zaren ba tare da kowa ya ce masa komai ba, wani tirawut mai launin zinariya ya taso a hankali ya haɗiye ta. Irin wanda yake da jan layi biyu a ƙarƙashin muƙamuƙi ne, kamar an fara yanka shi an fasa, ɗan asalin wannan ruwa, wanda dokar gandun ta ce dole a sake shi. Yayana ya jiƙa hannunsa, ya zare ƙugiyar, ya ce in ɗauki hoton da sauri don ya aika wa Inna, ko da yake ya san tambayar farko da za ta yi ita ce nawa muka kyafe.