Tarewa da bashin IVA a wuya: inda tsarin ya yi kyau da inda ya gaza

IVA yarjejeniya ce ta doka a Ingila, Wales da Arewacin Ireland, inda wanda bashi ya yi wa katutu ke biyan abin da zai iya duk wata, yawanci shekara 5, sannan a yafe ragowar. Wajen kange masu bin bashi tsarin ya cancanci yabo: kuɗin ruwa ya tsaya, wasiƙun barazana sun ɗauke. Inda kamfanin da na bi ta hannunsa ya gaza shi ne batun tarewa. Ba wanda ya yi bayaninsa sai da aka tambaya, alhali nan ne lissafi ke juyewa.

Ba a hana ka aure ko tarewa, kuma bashinka ba ya hawa kan matarka sai idan da sunanta aka ci. Amma dole ka sanar da jami'in da ke kula da yarjejeniyar da zarar kun haɗa gida, kada ka jira bitar shekara. Zai nemi takardar albashinta. Ba kuɗinta zai taɓa ba, so yake ya raba hidimar gida daidai da samun kowa. Misali, kana ɗaukar fam 1,800 tana ɗaukar 1,200, kashi 60 cikin 100 ne naka. Hayar fam 1,000 sai a lissafa maka 600. In da 750 kake biya kai kaɗai, wannan 150 ɗin da ta yi rara za a sa wa ido, biyanka na wata ya ƙaru. Mutane da yawa a nan suke jin an yi musu ba-zata. In ta ƙi nuna albashinta, kuma tana da ikon ƙi, galibi sai a raba biyu kawai, wanda zai cuce ka idan kai ne mai ɗaukar yawancin nauyin.

Don haka ka rubuta duk abin da tarewar ta jawo. Rangwamen kashi 25 na harajin ƙaramar hukuma da ake yi wa mai zama shi kaɗai ya tafi. Universal Credit kuwa, wato tallafin gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, sai kun nema tare, kuma samunta na iya rage shi ko ya soke shi. Cefane, wuta da gas duk sun ƙaru. Abin da ba ka kai da rasit ba, ba a lissafa shi.

Babban kuskure shi ne buɗe asusun banki na haɗin gwiwa. Zama gida ɗaya ba ya haɗa tarihin bashinku, amma asusu ɗaya yana haɗawa a Experian, Equifax da TransUnion, kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, kuma tabon IVA shekara 6 yake yi daga ranar da aka fara. Kowa ya riƙe asusunsa.

Idan gidan nata ne, ka biya rabonka a matsayin kuɗin zama, a rubuce. Zuba kuɗi kai tsaye a bashin gidan ko wani babban gyara na iya sa a ce kana da kaso a ciki. Idan haya za ku kama, dillalai na duba rajistar masu IVA da sunanka ke ciki, don haka ka faɗa tun farko, ka tanadi mai tsaya maka. Kayan ɗaki a kan bashi kuma, duk abin da ya haura fam 500 sai da izinin jami'in.

Kafin a sa ranar tarewa, a kai lissafin ga StepChange ko National Debtline, masu ba da shawara kan bashi. Kyauta suke dubawa.